Tambaya da Amsa: Su wa suka gina Berat?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga hoton wani gari a Albaniya mai suna Berat, fararen gidaje sun hau kan juna a jikin dutse, tagogi ba iyaka. An ce min duk aikin Turkawa ne. Haka ne? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Wanda ya faɗa miki bai yi ƙarya ba, amma ya rage zance.

Turkawan Usmaniyya sun ci Berat a 1417, kuma gari suka tarar a tsaye. Ganuwar kan tudu, wadda 'yan garin ke kira Kala, yawancinta ginin ƙarni na 13 ne, zamanin Rumawan Bizantiya. Majami'un cikinta ma salonsu ne: ƙaramar kubba, da bangon da ake ɗora dutse a zagaye shi da jan bulo. Har gobe mutane na zaune a cikin ganuwar.

Hannun Turkawa ya fi fitowa a ƙasan tudun. Akwai Masallacin Darma na ƙarni na 16, wanda ya sami sunan daga darmar da aka lulluɓe kubbarsa da ita, da zawiyar ɗarikar Halwatiyya ta 1782.

Gidajen da kika gani kuwa na unguwar Mangalem ne, kuma ba su kai ganuwar tsufa ba ko kusa. Benen da ke turo kai saman lungu salo ne da ya bazu a ƙasashen Usmaniyya, wannan ba musu. Sai dai gangaren ne ya tsara sauran. Fili ya yi ƙaranci, dole kowane gida ya leƙo ta saman rufin na ƙasa da shi, tagogi duk suka fuskanci kogin Osum. Ƙasan gidan dutse ne mai kauri, wurin ajiya. Da girgizar ƙasa ta rusa garin a 1851, magina suka sake ɗora benaye da katako da yaɓen farar ƙasa, don rashin nauyi. Bangon katako kuwa yana ɗaukar tagogi jere, abin da na dutse ba ya so.

Ki nemi hoton garin Gjirokastër, can kudancin Albaniya, ki kwatanta. Sarauta ɗaya ta mulke su, amma su da falalen dutse suke rufi, gidajensu kamar hasumiyar tsaro, Berat kuwa jan tayil na yumɓu take sawa.