Abokiyar aikina 'yar addinin Wicca ce: mene ne hukuncin aƙidarsu, kuma yaya zan zauna da ita?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Ingila. Akwai wata Baturiya da muke aikin dare tare, mace mai kirki, ta ce addininta Wicca. Ta ce ba Shaiɗan suke bauta wa ba, kuma dokarsu ɗaya ce: yi abin da ka ga dama muddin ba ka cuci kowa ba. Na ce mu ma muna da hadisin "la darara wa la dirara", wato ba cuta ba cutarwa, sai ta ce ashe tafiyarmu ɗaya. Ta ba ni sarƙa mai tauraro mai tsini biyar, da wani koren kyandir da ta ce ta "yi masa aiki" saboda ciwon bayan da ke damuna, ta kuma gayyace ni taronsu na daren da wata ya cika. Da na gaya wa yayata a Kano sai ta ce mayya ce, in daina cin abinci da ita. Malam, ina mafita?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, malamai sun ce ba a yanke wa abu hukunci sai an san shi, don haka bari mu fara da sanin abin.

Wicca ba tsohon addini ba ne kamar yadda wasu mabiyansa ke zato. Wani Baturen Ingila mai suna Gerald Gardner, wanda ya yi aikin gwamnatin mulkin mallaka a Malaya ya yi ritaya, shi ya fito da shi fili. Ingila ta soke dokar da ta haramta tsafi a 1951, shi kuma ya buga littafinsa a 1954 yana cewa ya gano ragowar wani addini na kafin Kiristanci. Masana tarihi na can, irin su Ronald Hutton, sun bi diddigi sun nuna haɗe-haɗe ne na ƙarni na 20. Ƙidayar 2021 ta nuna masu kiran kansu 'yan Wicca a Ingila da Wales kusan 13,000 ne.

Gaskiya ta faɗa miki cewa ba su da Shaiɗan a aƙidarsu, kuma kada mu yi musu ƙage. Amma abin da ke cikinta ya ishe mu. Mafi yawansu suna da abin bauta biyu, mace da namiji. Macen suna danganta ta da wata, suna siffanta ta da fuska uku, budurwa da uwa da tsohuwa, gwargwadon tsayuwar wata da cikarsa da raguwarsa. Namijin mai ƙaho ne, na daji da rana, wai ana haifarsa, ya girma, ya sadu da macen, ya mutu, a sake haifarsa duk shekara. Wasu macen kaɗai suke bauta wa, wasu kuma su ce duka alamomi ne na ƙarfin da ke cikin halitta.

Ko wanne aka ɗauka shirka ce. Allah ya ce a Suratul Anbiya aya ta 22, da akwai wasu alloli a sama da ƙasa ban da Allah, da sun lalace. A Suratul An'am aya ta 101 ya kore wa kansa mata, a Ƙulhuwallahu ya kore haihuwa da haifuwa. Allah ba a siffanta shi da mazantaka ko matantaka, babu abin da ya yi kama da shi. Game da wata kuwa, Suratu Fussilat aya ta 37 ba ta bar wani lungu ba: kada ku yi sujada ga rana ko wata, ku yi wa Allah da ya halicce su. Annabi Ibrahim (AS) ya dubi watan nan yana haske, da ya faɗi sai ya juya masa baya. Mai cewa halittar ita ce Allah kuwa, bai tsira ba, ya dai cakuɗa Mahalicci da abin da ya halitta.

Yanzu wurin da na fi so ki nutsu, domin nan ne santsin yake. Hadisin "la darara wa la dirara" yana cikin Muwaɗɗa Malik, kuma shi ne na 32 a Arba'una. Ya yi kama da maganarsu a kunne, amma kama da wane ba ta wane ba ce. Hadisin ƙa'ida ce guda a cikin shari'ar da ta riga ta faɗi halal da haram. Tasu maganar, wadda Doreen Valiente, ɗaya daga cikin jagororin Wicca, ta furta a bainar jama'a a 1964, ita ce kusan dukkan dokar, kuma nauyinta yana kan "yi abin da ka ga dama". To wa zai faɗi mene ne cutarwa? Mutum da kansa. Biyu su yi zina da yardar juna, su ce wa muka cuta? Mutum ya sha giya a ɗakinsa, ya ce wa na taɓa? Ke ma'aikaciyar jinya ce, kin sha ganin wanda aka kawo da hanta a lalace alhali shekara da shekaru yana cewa ba ya damun kowa. Sannan ma'aunin nasu bai san haƙƙin Allah ba sam, ga shi Luƙman ya gaya wa ɗansa shirka ita ce zalunci mai girma. Wanda ya mai da son ransa alƙali, Suratul Jasiya aya ta 23 ta yi magana a kansa.

Da yawansu kuma suna cewa duk abin da ka aikata zai dawo maka ninki uku, alheri ko sharri. Mu namu Ubangijin ya ce a An'am aya ta 160, kyakkyawa ninki goma, mummuna kwatankwacinsa kaɗai, ga kuma ƙofar tuba a buɗe. Su babu wanda za a roƙa gafara, abin wai yana juyawa ne da kansa.

Hukuncin abubuwan da kika lissafa ga shi. Taron bai halatta ki je ba, ko da kallo ne. A can ake zana da'ira, a kira abin bautar, har a nemi macen ta sauka a jikin shugabar taron ta yi magana da bakinta. Bahaushiya ba ta buƙatar a fassara mata wannan, ta san hawan bori. Suratun Nisa'i aya ta 140 ta hana zama a inda ake kafirce wa ayoyin Allah. Sarƙar alamar addininsu ce, kada ki sa. Kyandir a kan kansa ba najasa ba ne, amma kunna shi da nufin samun sauƙi shiga tsafi ne, kuma Annabi (SAW) ya sa sihiri cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa, bai ware wani ya ce wannan farin sihiri ne mai kyau ba. Ki mayar mata da su cikin mutunci, ki gode wa damuwar da ta yi da ciwonki, ki ce addinina ya hana ni.

Yayarki kuwa, Allah ya saka mata da kishin da take miki, amma ta yi kuskure. Kalmar da suke kiran kansu da ita, wato "witch", akan fassara ta da "mayya", sai Bahaushe ya ji kamun kurwa da ƙanƙarar maita. Ba shi ba ne. Wannan matar tana bin aƙidar ɓata, ba ta cin kowa. Mun ga gidajen da kalmar maita ta rusa a garuruwanmu, tsofaffi nawa aka wulaƙanta a kan zato. Kada ki kai wannan ɗabi'a asibitin mutane. Suratul Mumtahana aya ta 8 ta halatta kyautata wa wanda bai yaƙe mu ba, An'am aya ta 108 ta hana zagin abin bautar wasu. Ki ci abinci da ita matuƙar babu haram a ciki, ban da abin da suka keɓe wa ibadarsu. In ta sake cewa tafiyarku ɗaya, ki karanta mata ma'anar Ƙulhuwallahu, ayoyi huɗu ne.

Ciwon bayan kuma ki ga likita, ki haɗa da abin da Annabi (SAW) ya koya wa Usman ɗan Abil As, kamar yadda Muslim ya ruwaito: ki ɗora hannu a wurin, ki ce Bismillah sau uku, sannan sau bakwai "A'uzu billahi wa ƙudratihi min sharri ma ajidu wa uhaziru". Allah ya ba ki lafiya.

Wallahu a'alam.