Fifikon launin fata a jami'o'in Amurka: taimako ne ko cutarwa?

Tambaya: Malam, na ji kotu ta hana jami'o'in Amurka duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai. Abokina ya ce gara haka, wai dama tsarin jefa baƙaƙen fata yake yi a ajin da ya fi ƙarfinsu. Gaskiya ne?

Amsa: Hukuncin kam an yi shi. Kotun Ƙolin Amurka ta yanke shi ranar 29 ga Yuni 2023, a ƙarar da aka kai jami'ar Harvard da ta North Carolina. Sai dai tun 1978, a shari'ar Bakke, aka haramta ware adadin gurabe ga masu wani launin fata. Abin da aka bari shi ne a ɗora launin fata a sikeli tare da maki da sauran cancanta. Ka ga ya bambanta da namu na Najeriya, inda aka fito fili aka ware kashi 20 cikin 100 ga jihohin da ke baya a karatun boko.

Abokinka ba shi kaɗai ba ne. Richard Sander, malamin shari'a a jami'ar UCLA, ya kawo wannan hujja a 2004: yaron da aka ɗauka da ƙaramin maki sai ya koma kurar baya, alhali da ya je makaranta daidai shi, da ya yi zarra.

A kunne maganar tana da daɗi, amma an gwada ta a Kalifoniya. A 1996 jama'ar jihar suka kaɗa ƙuri'ar hana fifikon, kuma daga 1998 baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka suka ragu sosai a manyan jami'o'in jihar na Berkeley da UCLA. Masanin tattalin arziki Zachary Bleemer ya bi sawun masu neman gurbi na wancan lokaci har suka kama aiki. Da hujjar Sander ta tsaya, ai gangarawa ƙananan jami'o'i alheri zai zame musu. Ba haka aka gani ba: masu kammala digiri a cikinsu sun ragu, albashinsu ma ya yi ƙasa, musamman 'yan Latin. Ni dai ban yi mamaki ba. Babbar jami'a tana da kuɗin tallafi da malamai masu bibiyar ɗalibi, ga abokan aji da gobe su ne za su kira ka aiki.

Akwai waɗanda kukansu ke bisa hanya: 'yan asalin Asiya masu maki mai yawa, waɗanda a Harvard aka riƙa ba su ƙaramin maki a ɓangaren "halayya".

Bayan hukuncin, baƙaƙen fata a sababbin ɗaliban jami'ar MIT sun sauko daga kusan kashi 13 zuwa 5 a 2024, yayin da a jami'ar Yale lamarin bai motsa sosai ba. Har yanzu ɗalibi na iya rubuta yadda wariya ta shafi rayuwarsa a takardar neman gurbi, Alƙalin Alƙalai John Roberts ya yarda da wannan. Fifikon da ake ba 'ya'yan tsofaffin ɗalibai da na masu ba jami'a gudummawa kuwa, hukuncin bai taɓa shi ba.