Tambaya da Amsa: Bakina Yana Raɗaɗi, Amma Ban Ga Ciwo Ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti Nas. Ni mace ce mai shekara 53, ina zaune a Tudun Wada, Zariya. Tun bayan Babbar Sallah harshena da leɓɓana suke raɗaɗi kamar na kurɓi shayi mai tiriri. Da safe da sauƙi, amma daga la'asar zuwa dare abin sai ya tsananta, bakina ya bushe, ina jin ɗanɗanon ƙarfe. Na duba a madubi ban ga ƙurji ko miki ba. Maƙwabciyata ta ce zafin ciki ne, in riƙa goga jar kanwa ina tauna kanumfari, kuma ina yi. Ina shan maganin hawan jini, al'adata ta ɗauke shekara biyu ke nan. Me ke damuna, kuma me zan yi a gida?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, sannu, Allah Ya ba ki lafiya.

Don Allah ki ajiye kanwar nan daga yau. Maƙwabciyarki da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma fatar cikin baki ba ta da kauri, kanwa kuwa tana cin ta. Shi ma kanumfari yana ɗan kashe raɗaɗi na ɗan lokaci, man da ke cikinsa kuma yana ƙona wurin idan aka yawaita. Ina yawan ganin mata sun zo ɗakin haƙori da gefen harshe ya saluɓe, idan na bi diddigi sai in tarar maganin gida ne ya yi ɓarnar.

Abin da kika bayyana ya yi kama da larurar raɗaɗin baki da ake kira “burning mouth syndrome”, sananne ne a wurin likitocin baki, kuma ya fi kama mata bayan ɗaukewar al'ada. Alamominsa su ne naki sak: sauƙi da safe, tsanani da yamma, bushewar baki, canjin ɗanɗano, baki kuma garau a ido. Wasu ma suna samun sassauci yayin da suke cin abinci. Ana danganta shi da jijiyoyin da ke kai saƙon zafi da ɗanɗano daga harshe zuwa ƙwaƙwalwa. Raina yana ɓaci idan na ji an ce wa mai wannan larura tsufa ne kawai ko raki. Ciwo ne na gaske.

Sai dai ba a yanke cewa shi ne sai an kawar da sauran dalilai, domin da yawansu suna da magani mai sauƙi. Na farko shi ne ƙarancin jini, da ƙarancin bitamin B12, folik asid ko zinc. Kwanakin baya wata baiwar Allah ta buɗe min baki, na ga harshen ya yi ja, ya yi sulɓi, 'yan ƙananan tsiron da ke kansa duk sun kwanta, kusurwar leɓɓanta kuma ta tsage. Gwaji ya nuna jininta ya yi ƙasa sosai. Da muka yi hira sai ta ce min ba ta cin abinci sai da kofin shayi a gefe, nama kuwa sai lokaci-lokaci. Shayi yana rage wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe (iron) da ke cikin abinci, wanda jiki ke haɗa jini da shi, shi ya sa nake ce wa mata su bari a yi kamar awa ɗaya bayan cin abinci kafin a ɗora buta.

Na biyu ciwon suga. Yana busar da baki, yana taɓa jijiyoyi, yana kuma buɗe ƙofa ga fangas ɗin nan mai fito da farin abu a harshe, wanda idan aka kankare sai wurin ya yi ja. A shekarunki, ga kuma hawan jini, gwajin suga ya zama dole.

Sai maganinki. Duba kwalin. Idan sunan ya ƙare da “pril”, irin su lisinopril, enalapril ko captopril, an san wannan rukuni yana jawo raɗaɗin baki da canjin ɗanɗano ga wasu, magungunan da ke sa yawan fitsari kuma suna busar da yawu. Kada ki daina sha da kanki, Hajiya, hawan jini ba abin wasa ba ne. Ki kai wa likitanki kwalin, akwai wasu da zai iya canza miki. Ƙwannafi ma yana kawo wannan, haka haƙoran roba da ba su zauna daidai ba, da damuwa da rashin barci.

A gida, ragewa za ki fara yi kafin ƙarawa. Ki ba bakin hutun mako biyu daga attaruhu, yajin tsire, zoɓo mai citta, kunun tsamiya, lemun tsami da lemun kwalba. Na san ɗanwake ba yaji abu ne mai wuya ga Bazazzagiya, amma a daure. Idan kina cin goro ki dakata. Ki canza man goge baki zuwa marar minti mai ƙarfi, wanda ba a rubuta sodium lauryl sulfate (sinadarin da ke sa kumfa) a jikinsa ba, ki bar ruwan kurkure baki mai giya a ciki. Buroshi ya zama mai taushi, kuma a daina dirzar harshe da asuwaki. Bayan mako biyun ki dawo da abinci da abin shan da kika bari ɗaya bayan ɗaya, za ki gane wanda ke tayar miki.

Ki ajiye gorar ruwa kusa da ke kina kurɓa kaɗan-kaɗan, musamman idan hunturu ya shigo, don iskar garin nan tana busar da baki tun kafin mutum ya ji ƙishirwa. Idan raɗaɗin ya taso, tsotsi ɗan guntun ƙanƙara na ruwa mai tsabta, ko ki sha kindirmo mai sanyi ba sukari. Cingam marar sukari yana tsinko yawu. A tukunya kuma a yawaita hanta, kifi, ƙwai, wake, zogale da alayyahu. B12 daga nama, kifi, ƙwai da nono ake samunsa, ganye ba ya bayarwa. Saboda ƙwannafi, abincin dare a ci da wuri, a bar awa biyu zuwa uku kafin kwanciya.

Amma kada ki jira mako biyun su cika kafin ki je gwaji. Ki je Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ko sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na ABU a Shika, ki nemi a duba bakin, a auna jini da suga, a duba B12 idan da hali. Idan kuwa kika ga miki da ya wuce mako biyu bai warke ba, ko fari ko jan tabo da ba ya gogewa, ko kumburi a wuya, ko haɗiya tana miki wuya, to ranar za ki tafi, ki riƙe kwalayen duk magungunan da kike sha, har da na gargajiya.