Manhajata na neman libssl, alhali ban taɓa kiran ta ba

Tambaya: Malam, na rubuta manhajar lissafin kaya da C, ina amfani da libcurl, laburaren aikawa da karɓar bayanai ta intanet. A kwamfutata lafiya lau. Da na kai wa wani mai shago a Babbar Kasuwar Maradi sai ta ƙi tashi, wai babu libssl.so.1.1. Alhaji ya riga ya biya rabin kuɗi, hankalina a tashe yake. Wani ya ce in yi symlink kawai, wato fayil mai wannan suna da ke nuni zuwa wani fayil.

Amsa: Ƙanena, kwantar da hankalinka, amma kada ka kuskura ka taɓa symlink ɗin nan.

Buga readelf -d a kan manhajar, ka duba layukan NEEDED, wato jerin laburaren da manhajar ke nema kafin ta tashi. Na tabbata za ka tarar da libssl a jere, saboda ka kwafo -lssl -lcrypto daga wani Makefile, ko ka kira pkg-config da --static. Libcurl ce ke buƙatar OpenSSL, laburaren tsaron sadarwa da libssl ke cikinsa, ita za ta jawo wadda ta dace da ita a kwamfutar Alhaji. Cire -lssl da -lcrypto, ka sa -Wl,--as-needed kafin jerin laburaren, don in ya zo a baya ba ya aiki a kansu. In CMake ne, a target_link_libraries za ka cire su. ldd -u zai nuna maka sauran laburaren da aka haɗa ba a amfani da su.

To, symlink. Kusan kullum sai na ci karo da masu wannan ɗanyen aiki, a ɗauki libssl.so.3 a laƙaba mata sunan 1.1, a ce an gyara. Lambar nan ba ado ba ce. Da OpenSSL 3.0 ta fito a 2021 aka canza ta, don manhajar da aka gina a kan tsohuwar ba ta da tabbacin jituwa da sabuwar. Kamar ka canza takardar kwalbar magani ne ka miƙa wa majinyaci. In ka yi sa'a ta ƙi tashi nan take. Wasu kuma, Allah Ya shirye su, su sauko da tsohuwar 1.1 daga shafin da ba su san mai shi ba, alhali an daina yi wa 1.1.1 facin tsaro na kyauta tun Satumban 2023. Sai ga OpenSSL biyu cikin manhaja ɗaya, kuma lissafin dukiyar mutum ne a ciki! Ranar da ta faɗi ana tsakiyar ciniki, mai shawarar ba ya nan, kai Alhaji zai kira.

Ka sake ginawa, ka gwada a irin Linux ɗin da ke shagon kafin ka koma.