Fari ne ya kori kifi zuwa tudu?

Ka tambaya ko bushewar tafkuna ce ta sa kakannin dabbobi masu ƙafa huɗu suka fito tudu. An daɗe ana koyar da hakan, amma a ganina ƙasusuwan da aka tono sun raunana wannan bayanin ƙwarai. Acanthostega, wata dabba mai ƙafa huɗu da ta rayu kusan shekara miliyan 365 da suka wuce, wadda aka samo ƙasusuwanta a tsibirin Girinlan, tana da yatsu takwas a kowace ƙafar gaba, amma ƙafafunta ba za su iya ɗaukar nauyinta a tudu ba, kuma tana numfashi cikin ruwa kamar kifi. Wato cikin ruwa ƙafa ta fara samuwa, a wani tsohon zamani na tarihin ƙasa da ake kira Debon, lokacin da dazuzzukan farko suka bazu, suka cika fadamu da rassa da ruɓaɓɓen ganye mai rage iskar oksijin.