Tambaya da Amsa: Aikin marasa takardu a Amurka, ikon tarayya ne ko na jiha?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena yana Amurka, bizarsa ta ƙare tuni, ya je neman aiki a Arizona aka ce sai an saka sunansa a wani abu wai E-Verify, alhali abokinsa da ke Kalifoniya ya ce su can ba a tilasta wa masu kamfani hakan. Ba ƙasa ɗaya ba ce? Wa ke da ikon wannan abu, gwamnatin tarayya ko jihohi? Daga wata 'yar'uwa.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba ƙanen naki mafita. Ƙasa ɗaya ce kam amma ikon a rabe yake, kuma su kansu Amurkawan sun sha kai juna kotun ƙoli a kan wannan rabon.

Asalin maganar wa zai shiga ƙasa, wa zai zauna, wa aka yarda ya yi aiki, duk na tarayya ne. Sai dai kafin 1986 babu dokar tarayya ta gama gari da ta hana mai kamfani ɗaukar wanda ba shi da takarda, shi ya sa a 1976 kotun ƙoli ta ce Kalifoniya tana da damar kafa tata dokar a kai, a shari'ar De Canas da Bica. To a 1986 shugaba Reagan ya sa hannu a dokar da ake ce wa IRCA, ita ce ta haramta ɗaukar mutum aiki in ka san ba shi da izini, ita ta kawo fom ɗin I-9, takardar tabbatar da izinin aiki, da kowane sabon ma'aikaci ke cikewa har ɗan ƙasa, kuma ita ce ta halatta zaman mutane wajen miliyan 2.7. A cikin dokar aka rubuta cewa jiha ba za ta ci tarar mai kamfani ko ta ɗaure shi a kan wannan laifin ba, amma fa aka bar wata 'yar ƙofa: ban da ta hanyar lasisi da dokoki makamantansa.

Ta wannan ƙofar Arizona ta shiga a 2007. Ta ce to mun ji, ba za mu ci tara ba, amma lasisin kasuwanci ai mu muke bayarwa, duk wanda aka kama ya ɗauki maras takarda da saninsa za a iya dakatar da lasisinsa, in ya sake a soke shi gaba ɗaya, sannan kowane mai kamfani dole ya riƙa duba sababbin ma'aikata a E-Verify. Shi E-Verify manhaja ce ta tarayya a intanet, mai aiki zai shigar da bayanan da ke kan I-9 a gwada su da rajistar gwamnati, kuma ita tarayyar ba ta wajabta shi a kan yawancin 'yan kasuwa ba, ganin dama ne. Ƙungiyar 'yan kasuwa ta Amurka ta garzaya kotu, a watan Mayun 2011 kotun ƙoli ta ba Arizona gaskiya, alƙalai 5 suka rinjayi 3, a shari'ar Whiting. Kin ga dalilin da kowace jiha ta kama gabanta kenan. Mississippi da Alabama da South Carolina sun wajabta E-Verify, Florida ma tun Yulin 2023 ta ɗora shi a kan duk kamfani mai ma'aikata 25 zuwa sama, ita kuwa Kalifoniya a 2011 doka ta yi ta hana biranenta tilasta wa kamfanoni masu zaman kansu.

Amma Hajiya kar abokin nan ya ruɗe shi, I-9 ɗin nan yana nan daram a Kalifoniya kamar yadda yake a Arizona, babu gwamnan da zai iya ba mutum izinin aiki. A 2024 ma majalisar Kalifoniya ta amince da ƙudurin barin ɗalibai marasa takardu su yi aiki a jami'o'in jihar, gwamna Newsom ya ƙi sa hannu saboda gudun karo da dokar tarayya.

TAMBAYA: Malam shin ɗan sandan jiha zai iya kama mutum don kawai yana aiki ba takarda? Daga wani mai karatu a Houston.

AMSA: Ɗan'uwa Arizona ta gwada haka a dokarta ta 2010 mai suna SB 1070, ta mai da neman aiki ko yinsa laifi ga wanda ba shi da izini. A Yunin 2012 kotun ƙoli ta soke wannan sashen, hujjarta kuwa ita ce majalisar tarayya da gangan ta ɗora hukuncin laifi a kan mai ɗaukar aiki ta ƙyale leburan, don haka jiha ba za ta zo ta ƙara abin da aka ƙi sawa ba. Sai dai ba wai shike nan ba, hukumar shige da fice tana iya korar mutum daga ƙasa, kuma aiki ba izini yana iya toshe masa hanyar gyara takardunsa nan gaba.

Inda mutanenmu suka fi faɗawa rami shi ne aron lamba. Wani zai ce maka riƙe lambar Social Security ɗina, wato lambar da gwamnatin tarayya ke ba mutum ta aiki da haraji, ka yi aiki da ita, kana ganin taimako ne, wallahi ba taimako ba ne. A 2020 a shari'ar Kansas da Garcia kotun ƙoli ta yarda jiha tana iya gurfanar da mutum da laifin satar shaidar wani in ya yi amfani da lambar da ba tasa ba a fom ɗin haraji na wurin aiki. Wato aikin kansa jiha ba ta kama ka da shi, amma takardar da ka cike don samunsa za ta iya kai ka gidan yari. Mafi muni kuma shi ne ka sa alama a akwatin nan na saman I-9 da ke cewa kai ɗan ƙasa ne, alama ɗaya ce da biro amma tana iya hana ka girin kat, wato katin zaman dindindin, har abada. Don Allah kafin ka sa hannu a komai ka ga lauyan shige da fice mai lasisi, ba masu cike fom na unguwa ba.

TAMBAYA: Maigidana ya riƙe min albashin wata biyu, ya ce in na yi magana zai kira 'yan imigireshin. Ina da hakki?

AMSA: Kana da shi, kuma abin nan yana ƙona min rai, domin duk wannan ja-in-ja ta tarayya da jiha a ƙarshe mai ƙaramin ƙarfi take faɗa wa, kamfanonin da aka dakatar wa lasisi a Arizona 'yan kaɗan ne, amma ma'aikatan da ake tsoratarwa a cinye musu gumi ba su ƙirguwa. Kuɗin aikin da ka riga ka yi naka ne, kotunan tarayya sun sha yanke cewa dokar mafi ƙarancin albashi, dala 7.25 a awa tun 2009, da kuɗin ƙarin lokaci ta shafi maras takarda, jihohi da yawa kuma nasu ya fi haka. Hukuncin kotun ƙoli na 2002 a shari'ar Hoffman Plastic da masu kamfani ke fakewa da shi, albashin lokacin da mutum bai yi aiki ba bayan an kore shi ya hana, ba na aikin da aka gama ba. Kalifoniya ma a shekarar 2002 ta rubuta ƙarara a dokarta cewa kariyar ma'aikata ta shafi kowa ko da takarda ko babu. Ka rubuta ranaku da awannin da ka yi, ka adana saƙonnin wayar da ya turo maka musamman na barazanar, sai ka nemi lauya ko ƙungiyar kare ma'aikata su duba lamarinka kafin a kai ƙara ofishin ƙwadago na jihar da kake.