'Yata ta haddace ABCD amma ta maƙale a mataki ɗaya na karatu

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. 'Yata shekararta 6, ana koya musu karatun Turanci ta hanyar foniks, wato koyon karatu ta sautin haruffa. Tun tana ƙarama ta haddace ABCD, amma tun farkon zangon nan tana kan littattafan mataki ɗaya, ƙawayenta duk sun wuce. Yaya matakan nan suke tafiya? In roƙi malamarsu ta ɗaga ta gaba?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki nemi a ɗaga ta tukuna. Waƙar ABCD sunayen haruffa take koyarwa, shi kuwa karatu da sautinsu ake yin sa. Yaron da ya ga cat ya ce "si, e, ti" bai kusa da kalmar ba, sai ya san sautin kowane harafi sannan ya iya haɗa su. Saboda haka haddar da ta yi ba ita ce ma'aunin ba.

Matakan ba hawan aji ba ne. Kowane mataki yana nuna sautukan da aka riga aka koya wa yaro ne, kuma littattafansa an rubuta su da waɗannan sautukan, don ya karanta da kansa ba tare da canki-canki ba. Lamba ko launin da ke bayan littafi ya danganta da kamfanin da ya buga shi, don haka mataki na 3 a wata makaranta ba lallai ya zama na 3 a wata ba.

Tsarin da Ingila ta fitar a 2007, mai suna Letters and Sounds, ya kasa tafiyar gida shida, kuma yawancin tsare-tsare haka suke jerawa ko da sunaye sun bambanta. Ana farawa da kunne: yaro ya ji cewa kalma sautuka ce a jere. Sai haruffan farko, galibi s, a, t, p, i, n, domin da su kaɗai ana samun sat, pin, tap, nap. Daga nan sai haruffa biyu masu ba da sauti ɗaya, irin su sh, ch, ee, oa. Sai kalmomin da baƙaƙe ke cunkushewa babu wasali a tsakani, kamar stop da hand. Sannan a zo inda Turanci ke nuna halinsa: sauti ɗaya, rubutu iri-iri, kamar a rain, day da make. Haruffa 26 ne ke ɗauke da sautuka kusan 44, shi ya sa mai koyon karatun Turanci yake daɗewa fiye da mai koyon harshen da ake rubuta shi yadda ake faɗarsa, kamar Hausa. Akwai kuma kalmomi irin su the da said, waɗanda rubutunsu bai bi sautukan da aka koya ba, da ake koyarwa daban tun da wuri.

Inda yara suka fi tsayawa shi ne haɗa sauti. Yarinya za ta faɗi s, a, t daidai, amma kalmar ta ƙi fitowa. Sau da yawa mu manya ne sila: bakin Bahaushe ya saba kowane baƙi ya zo da wasali, sai mu ce "sa, a, ta". Ki haɗa waɗannan ki ji, ba za su ba ki sat ba. A ja sautin tsurarsa, "sss", a yanke t gajere.

Ga gwajin da za ki yi mata. Ki rubuta kalmomi masu haruffa uku da ba ta taɓa gani ba, har da na ƙirƙira irin su tas, babu hoto a gefe. A Ingila ma haka ake yi tun 2012: yaran aji ɗaya suna karanta kalmomi 40, rabinsu na ƙirƙira, don a bambance mai karatu da mai hadda. Idan ta karanta su ba gargada, ki sanar da malamarsu, wataƙila lokacin sake auna ta ya yi. Idan kuwa tana kallon harafin farko ta cinci sauran, to matakin da take kai shi ne nata, ɗaga ta zai ƙara koya mata canka ne kawai.

A gida, minti 10 kullum ya fi awa guda ranar hutu. Ta maimaita littafi ɗaya har bakinta ya saki, ki kuma riƙa faɗin kalma tana rubutawa. In an yi zango guda ana haka babu motsi, a duba mata ji da gani, sannan ki nemi makarantar ta auna ta ko tana da matsalar koyon karatu ta musamman.